Gadon Maƙogwaro

A bakin kogin Lugenda aka binne cibiyata,
ni Twaibu, jikan Che Mwamadi mai zuma,
wanda in ya yi gyaran murya a bayan gari
tsuntsun zuma kan bar reshe ya zo gaisuwa.

Kiran nasa ba kalma ba ne.
Harshe ne ke karkarwa, brrrr,
sai gurnani gajere daga ƙasan ciki, hm,
kamar mai ture ƙofa da kafaɗa.
Haka ubansa ya ba shi, haka uban ubansa,
gadon da ba a kai shi gaban alƙali don rabawa.

Bara ciwo ya sauka a maƙogwaronsa.
Likita a Lichinga ya ba mu ransa, ya riƙe muryar.
Ya dawo gida da tabo a wuya,
in ya buɗe baki sai iska,
irin wadda ke bi ta ramin tulu in ya rasa ruwa.

Ni kuwa a shekarar muryata ta fashe.
In na ce "salamu alaikum"
rabi na zakara ne, rabi na ɗan tsako,
'yan mata a mashaya su yi ta shewa.

Da mu biyun aka shiga daji:
mai kiran da ba murya, mai muryar da ba kira.
Gatari a kafaɗata, ashana a aljihunsa,
kashin giwa na jiya yana tururi a hanya.
Na yi brrrr, ya tsinke a tsakiya.
Na yi hm, ya fito kamar tambaya.
Kurciya ta ci gaba da zancenta.
Birai suka yi mini bita daga saman kuka.
Kwana uku ba tsuntsun da ya kula mu,
muka koma da gora fayau, da yunwa.

Ranar ta huɗu ya kama hannuna,
ya ɗora shi ƙasan haƙarƙarinsa,
ya yi kiran.
Kunnena bai ji komai ba.
Tafin hannuna ne ya ji:
wani abu ya dunƙule, ya buga sau ɗaya, ya saki.
Ya dube ni. Ya nuna cikina, ba bakina ba.
Ashe ni roƙo nake yi tun farko,
shi kuwa alkawari yake ɗauka:
ga ni, da wuta, da gatari, rabonka na nan, ba mantuwa.

Na cika ciki da numfashi.
Abin da ya fito ba shi da kyau,
amma ya tsaya da ƙafarsa.

Shiru.
Sai can, cacaca, cacaca,
kamar ana kaɗa tsakuwa a ƙoƙo.
Ɗan ƙaramin abu ruwan ƙasa, farin gashi a gefen wutsiya,
ya leƙo ni da ido ɗaya, ya tashi, ya sauka gaba.
Ya yi tasa, na yi tawa.
Ba na jin yarensa, ba ya jin Ciyawo,
amma muka yi tafiyar rabin wuni muna hira
har gindin wani dogon icce mai kogo,
inda ya yi tsit, ƙudan zuma suka karɓi amsawa.

Hayaƙi, sara, harbi bakwai a wuyana.
Tsoho ya shimfiɗa ɗanyen ganye,
ya aje saƙar zuma a kai, ya ja da baya,
don ba a cin bashin mai fiffike.

A hanyar gida na sake kiran, don daɗi kawai.
Ya daka mini duka a ƙeya:
ba a kiran aboki in ba da tafiya ba.
Sannan ya riƙe hannuna a ƙirjinsa har bakin kogi.
A nan na ji dariyarsa,
ta farko tun dawowa.